Hattara masu Golf GTI a Gombe da Bauchi: galan na asali, mai na jabu

Jama'a assalamu alaikum. Sati uku ke nan motata tana kwance a gareji a nan Gombe, kuma ba hatsari na yi ba, man giya na jabu na zuba mata. Na ga gara in faɗa tun kafin wani ya faɗa ramin da na faɗa, don mutumin da ya sayar mini da man har yanzu yana talla.

Motar Golf 5 GTI ce ta 2007, inji lita 2 mai tobo, giyarta DSG, wato otomatik mai kuloci biyu, mai hawa shida. Duk wanda ya riƙe irinta ya san tana da tsirfa. Ba Golf 3 ba ce da 'yan tasha ke ɗura wa 20W-50 ta yi ta zirga-zirga tsakanin Gombe da Dukku ko a jikinta. Wannan, baƙin manta sai mai ɗauke da lambar VW 502 00, galibi 5W-40, kusan lita huɗu da rabi a juye ɗaya. Man giyarta kuma daban ne ɗungurungum, lambarsa G 052 182, ana canza shi tare da filtarsa duk kilomita 60,000. Samun waɗannan a garinmu aiki ne, sau da yawa sai an aika Kano ko Jos ko Abuja. To ta wannan ƙofar ya shigo mana.

A wani zauren WhatsApp na masu motocin Jamus na fara ganinsa, yana kuma da shafi a Facebook. Ya ce kayansa daga Kwatano suke zuwa, shagonsa yana Bauchi, yana sa wa a mota a kawo maka har tasha. Abin da ya ruɗe ni shi ne ya san sana'ar. Ka ce masa Golf 5, sai ya tambaye ka lambar inji. Ya san giyar DSG mai hawa shida mai jiƙaƙƙen kuloci ba mai ɗaya take sha da mai hawa bakwai mai busasshen kuloci ba. Kanikawa nawa ne ma suka san wannan? Na gwada shi da ƙaramin abu, filtar mai ɗaya da galan ɗaya na baƙin mai. Suka iso washegari, gangariya, babu abin kushewa. Yanzu na gane wannan tsaba ce ya watsa wa kaza.

Da lokacin babban sabis ya yi sai na yi odar komai gaba ɗaya: man giya lita shida da filtarsa, baƙin mai, kwayil huɗu, fulogi huɗu, da wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin ƙoƙo da ke zama tsakanin famfon fetur da kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji. Kuɗin da ya yanka ya yi ƙasa sosai da wanda aka faɗa mini a Abuja. Ya ce ai ragowar kaya ne, yana son ya tattara kuɗi ya koma sari. Na tura. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.

Kwana goma na farko lafiya lau. Daga nan sai ta fara karkarwa in za ta tashi daga tsaye, musamman a cunkoso da rana. In na sa ribas sai ta yi jim, sannan ta fizga. Ranar da abin ya ƙare ina hanyar Bauchi, na wuce Alkaleri kaɗan, haruffan giya na gaban direba suka fara walƙiya gaba ɗaya, na taka totur inji yana ihu mota ba ta ja. Da igiya aka dawo da ita, ni da iyali a gefen titi cikin rana.

Bari in ɗan tsaya a kan giyar nan, don a nan ɓarnar take. A cikinta kuloci biyu ne kwance a cikin mai, ɗaya na riƙe da giya ta 1 da 3 da 5 da ribas, ɗayan na riƙe da 2 da 4 da 6. Man nan ɗaya shi ke sanyaya su, shi ke shafe haƙoran giya, shi ne kuma ke bi ta ƙananan hanyoyi cikin ƙwaƙwalwar giyar, wadda kanikawa ke ce wa mekatironik, yana tura kowace giya wurinta. Santsinsa a aune yake. In ya yi yawa kuloci ya riƙa zamewa, zamewa ta kawo zafi, zafi ya ƙona fatun kuloci, garinsu ya bi mai ya toshe ƙwaƙwalwar. Ko aunin man ma ba da ido ake yi ba, ta ƙasa ake ɗura shi, a daidaita shi yana da ɗumin digiri 35 zuwa 45, da kwamfuta a jone.

Da bakanikena ya kwance ya tsiyaye, man da bai yi kilomita dubu biyu ba ya fito baƙi ƙirin yana ƙauri. Ya shafa a yatsa ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya sayar maka da wannan? Ai ko a janareta ba zan zuba shi ba." Na ce masa, "Oga, ai kai ka zuba." Ya ce ranar yaronsa ne ya buɗe robobin, kuma gaskiya ne, ni ma ina wurin, hankalina yana kan waya.

Allah ya taimaka roba ɗaya ta rage a but ba a buɗe ba. Muka aro ta asali wurin wani abokina muka jera su. Robar kanta ta gaske ce, takardar jikinta ma haka. Amma zoben murfin an liƙe shi da gam ne, da ka murɗa sai ya taso gaba ɗaya maimakon ya tsinke. Takardar bakin an manna ta a karkace. Lambar ranar ƙira kuwa robobi shida, kowace da tata, wata ma an kankare ta. Kayan da suka fito kwali ɗaya ba sa haka. Abin da yake yi ke nan: yana bin gareji-gareji yana sayen robobin da aka juye, ya cika da mai mai arha, ya rufe. Mu ne ma muke ba shi jari, mu da ke barin galan a gareji mu tafi. Ni yanzu da an juye nake huda shi da wuƙa a gabana.

Sauran kayan ma haka. Kwayil biyu cikin huɗu tsofaffi ne aka wanke aka sa a sabon kwali. Ɗan ƙoƙon famfon nan kuwa, na asali yana da baƙin rufi mai tauri a fuskarsa, wannan fenti ne, har ya fara cinyewa. Da ya huje da kamshaf ya tafi. Baƙin man ma mun zubar, don tobo yana juyi sama da 100,000 a minti, ba abin da za a yi wa gwaji ba ne.

Na kira shi, da farko ya ce bakanikena ne bai iya aiki ba. Da na tura masa hoton murfin sai ya toshe ni. Wani ɗan'uwana a Bauchi ya je inda ya kwatanta shagon, wajen Muda Lawal, ya zagaya ya tambaya, babu wanda ya taɓa jin sa.

Ba zan hana kowa sayen kaya ta waya ba, ni ma dole na ci gaba. Amma ka nemi ya nuna maka shago a bidiyo kai tsaye, ko ka tura mutum ya gani da ido. Sunan asusu ya zo ɗaya da na mai kaya. Ka buɗe littafin motarka ka kwafi lambar mai da kanka, kar ka bari mai sayarwa ya faɗa maka, kuma ka tsaya a kan bakanike lokacin da ake fasa murfi, ka ji ƙarar tsinkewar zoben da kunnenka. In an ce maka man giya ja na sauran motoci "duk ɗaya ne", ɗauki motarka ka bar wurin.

Na haɗa rasit na banki da hotuna da robar da ta rage, zan kai ƙorafi hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da kuma 'yan sanda. Mutum biyu sun riga sun same ni da irin labarin, ɗaya daga Bauchi mai Audi A3, ɗaya a nan Tumfure. Duk wanda ya sayi man giya ko baƙin mai ta wannan hanya a watannin nan, kar ya jira karkarwa, ya je a tsiyaye a duba gobe, kuma ya adana robar. Shekaranjiya aka turo mini sabon shafinsa: ya canza suna, amma hotunan nan ne dai, har da tabarmar da ya jera galan-galan a kai.