Kuɗin damisa na biya, birai na kalla

Bayan an sallami Yaya daga asibiti a Delhi muna da kwana huɗu kafin jirginmu, sai na ce bari in leƙa gandun dajin Ranthambore da ke jihar Rajasthan, kusa da Sawai Madhopur. Motoci iri biyu ne: ƙarama mai cin mutum 6 da babba mai cin 20. Na shiga babbar saboda aljihu. Kuskurena ke nan, don ƙararta kaɗai ta isa ta kori dabba.

Awa uku muna yawo, damisa ko ƙeyarta ban gani ba. Amma ban yi asara ba, saboda birin da suke kira langur. Jikinsa ruwan toka, fuska da tafin hannu baƙi ƙirin, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, in yana tafiya sai ya lanƙwaso ta ta saman baya. Zamansu kuwa kamar dattawa a majalisa.

Ja-goranmu ya san aikinsa. Ya sa aka tsaya ƙarƙashin wata bishiya, birai na sama suna cin ganye, barewa masu ɗigo-ɗigo na ƙasa suna tsintar abin da ya faɗo. Ya ce in biri ya hango damisa daga sama ya yi kukan gargaɗi, barewa sun gane, su ma ja-gorori da wannan kukan suke bin sawunta. Cikin biran nan ɗaki-ɗaki ne, da ƙwayoyin bakteriya masu narkar da ganye, shi ya sa bayan sun ƙoshi sai dogon zama. Na ga wata uwa ta miƙa jaririnta, baƙi sosai, wata ta karɓa ta rungume, ta uku na jira. Sai ja-goran ya ɓata mini rai da labarin cewa sau da yawa namiji ɗaya ke riƙe garke, kuma in baƙo ya ƙwace mulki yakan kashe jariran da ya tarar.

Mabiya addinin Hindu na danganta biran nan da Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri, ba mai taɓa su, shi ya sa ba su da tsoron mutum.

Abu ɗaya ya dame ni: da direba ya ji an ga damisa a wani wuri, sai ya figi mota ana tsakiyar bayani. Mai zuwa ya ɗauki ƙaramar, ya zo da rigar sanyi in a Janairu ne.