Yaron da ya yi mana katalog: ya raba Ibn Rushd biyu, ya haɗe malamai biyu na gida

Mutane sun dame ni a WhatsApp da tambaya kan yaron nan da ya yi mana katalog, wato jerin litattafai a ordinata, na ɗakin karatun makarantarmu, wai ya iya aikin ko kuɗinmu kawai ya ci, to gara in rubuta sau guda kowa ya karanta ni ma in huta. Ba zan faɗi sunanshi ba don ban nemi izininshi ba.

Litattafan asalinsu na marigayi baffanmu ne, ya bar su waƙafi ma islamiyyar unguwa, daga baya iyayen yara da wasu abokaina malaman koleji suka ƙaro na faransanci da na Hausa. Da muka fidda waɗanda gara ta gama da su sai suka tashi 1,140. Fiye da rabi bugun Misira ne da Bairut, irin waɗanda baffa ke ɗaurowa daga Kasuwar Kurmi duk sanda ya je Kano. Shekara da shekaru kaye guda ne katalog ɗinmu, kowa ya ari littafi a rubuta, kayen ma ruwa ya taɓa shi a wata damina har wasu shafukan sun manne. Shi ya sa da aka ce mani akwai wani matashi nan Maradi da ya karanci harkar ɗakin karatu kuma yana yin wanga aiki a gidajen mutane, na ce a kira shi.

Mun yi ciniki dala 20 kowane littafi, ke nan jikka 114 gaba ɗaya, abincin rana a kanmu. Ya ce sati huɗu. Sati tara aka yi. Wani jinkirin ba laifinshi ba ne, kun san yadda wuta take lokacin zafi, kuma tsohuwar ordinatar da muke da ita batirinta ba ya riƙe ko minti goma. Amma wani nashi ne, sai ya ce gobe da safe sai ka gan shi jibi bayan la'asar kan kabu-kabu yana ba da haƙuri. Manhajar da ya sa mana PMB ce, ta Faransa, kyauta ake samunta kuma tana aiki cikin ordinata guda ko babu koneksiyo. Ya ce akwai wata Koha da aka fara a Niyu Zilan wajen shekarar 2000, manyan jami'o'i na amfani da ita, amma ga ɗaki ɗaya da mutum ɗaya mai kula PMB ta ishe mu. Ban yi gardama ba tunda ban san ko ɗaya ba.

Ni da farko na ɗauka aikin shi ne a buga sunan littafi da sunan marubuci a wuce, abin da ɗiyata ta sakandare ma za ta iya. Sai a sati na biyu na shigo na tarar da shi ya jera litattafai huɗu kan tabarma ya zuba masu ido, bai buga komi ba tun safe. Na ce malam lahiya? Ya ce "Yaya, waɗannan duk an rubuta Ibn Rushd a bayansu, amma ba mutum guda ba ne." Na ce to ai da sauƙi duba cikakken suna. Ya yi dariya ya buɗe mani shafin farko na biyu daga ciki, wallahi duka Abul Walid Muhammad bin Ahmad bin Rushd, duka mutanen Ƙurɗuba, duka alƙalai, duka malikawa. Kaka ne da jika. Kakan ya rasu a 1126, shekarar da aka haifi jikan, shi kuma jikan ya rasu a 1198. Kakan ne mai al-Bayan wat-Tahsil, jikan ne mai Bidayatul Mujtahid, shi ne kuma wanda turawa ke ce ma Averroès, har muna da wani ɗan littafin faransanci a kanshi da ke can wani kanta daban ba wanda ya taɓa haɗa su.

Nan ne ya nuna mani abin da ya ce shi ne ainihin sana'ar. A cikin manhajar, marubuci yana da fishe ɗinshi, wato katin bayaninshi, daban, ba a cikin fishen littafi yake ba. Fishe guda ga mutum guda. A zaɓi suna ɗaya a ce wanga shi ne tsayayye, a sa shekarar haihuwa da ta rasuwa a gefe, duk sauran hanyoyin da ake rubuta sunan a sa su a matsayin masu turawa, ka buga Averroès ta kai ka wajen jikan, ka buga Ibn Rushd ta nuna maka biyu da shekarunsu ka zaɓa. Sannan kowane littafi a ɗaure shi da fishen mai shi. In ka gyara fishen marubuci sau guda, duk litattafanshi sun gyaru. Da faransanci suna ce mashi otorite, ni dai rajistar marubuta nike ce mashi.

Bayan Ibn Rushd sai abin ya zama kamar an buɗe rumbu. Ibn Hajar biyu, al-Asƙalani mai Fathul Bari da ya rasu 1449 da al-Haitami da ya zo bayanshi da sama da shekara ɗari. Ibn Arabi biyu, kuma wannan ne ma mai hatsari, don ɗaya alƙali ne bamalike na Ishbiliya da ya rasu 1148, ɗayan kuma babban sufin nan da ya rasu a Dimashƙa 1240, ku da kanku kun san a garin nan in ka ba ɗalibi littafin wancan a madadin na wannan, zancen zai iya kaiwa har masallaci. Malamai kan bambanta su da alif da lam, alƙalin Ibn al-Arabi, sufin Ibn Arabi, amma masu buga littafi ba kullum suke kiyayewa ba.

Sai kuma kishiyar matsalar, mutum guda sunaye goma. Shehu Usmanu kaɗai mun same shi a rubuce Usman dan Fodio, Ousmane dan Fodio, Uthman ibn Fudi, Usmanu Ɗanfodiyo, ga na larabci. Ya tara su duka ƙarƙashin fishe guda da 1754-1817. Na tsokane shi na ce kai ka zo Maradi kana tara ma Sakkwatawa kayansu wuri guda, ya ce Yaya ni Bagobiri ne ma, in akwai mai ƙorafi ni ne.

Duk wannan ba daga kanshi yake fiddo su ba, kuma bai ɓoye ba. Yana kunna intanet ɗin wayarshi ya shiga VIAF, wani shafi ne na kyauta da ke haɗa rajistar marubuta ta manyan ɗakunan karatu na ƙasashe, na Majalisar Amurka da na Jamus da na Faransa da sauransu, ka buga suna ka ga yadda kowace ƙasa ta rubuta shi da shekarun da ta ba shi. In marubucin ɗan Nijar ne da ya yi digirin dakta a Faransa sai ya duba IdRef, rajistar jami'o'in Faransa. Ya kuma yi mani bayanin ISNI, lamba ce mai alƙaluma 16 da ake ba marubuci don ko sunanshi ya zo ɗaya da na wani lambar ba za ta zo ɗaya ba, da ORCID wadda aka fara 2012, ita mai bincike da kanshi yake zuwa ya buɗe kyauta. Wannan ya ce in gaya ma abokaina da ke koyarwa a jami'a, don rabinsu sunansu ɗaya da wani a Zinder ko Yamai.

Ranar da abin ya fi burge ni ita ce da limamin unguwa ya leƙo, tsoho ne abokin baffa, ya zauna yana kallon allon ordinata. Yaron ya durƙusa ya ce "Allah gafarta Malam, ina raba masu suna ɗaya ne." Liman ya saurara har ya gama sannan ya ce ai wannan al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ ne, malaman hadisi sun yi shi tuntuni, Khaɗib al-Baghdadi da ya rasu 463 ta hijira littafi guda ya yi a kai, don in masu ruwaya biyu sun yi suna ɗaya, ɗaya amintacce ɗaya mai rauni, ka ga hadisi ya shiga uku in ba a rarrabe ba. Ya ce masu suna Khalil bin Ahmad kaɗai an lissafa shida. Da mi suke rabawa? Da alkunya, da laƙabi, da garin mutum, da malamanshi da ɗalibanshi, da shekarar rasuwa. Yaron ya ɗauki biro yana rubutawa a tafin hannu. A nan na ƙara ganin girmanshi gaskiya, don wasu masu takarda in tsoho ya yi magana sai su hau latsa waya.

To yanzu inda ya faɗi.

Muna da ƙananan litattafan Hausa da dama, irin na yaƙi da jahilci da waɗanda mutane ke bugawa da kuɗinsu a ɗaure da sitapula. A ciki akwai guda bakwai masu sunan marubuci ɗaya, suna ne irin namu na kowa, sunan yanka da sunan uba, wanda in ka tsaya bakin babbar kasuwa ka kira shi mutum biyar za su waiwayo. Uku kan noman gero da adana wake ne, huɗu waƙoƙin wa'azi. Yaron ya duba VIAF babu, IdRef babu, sai kawai ya haɗe su fishe guda ya wuce. Alhali mutum biyu ne kuma duka na san su. Ɗaya tsohon malamin gona ne da ya yi aiki wajajen Madarunfa, ɗayan malamin allo ne daga yankin Tasawa. Ni ban lura ba sai da wata ɗaliba da ke rubuta memuwar, wato binciken gama karatu, ta zo, ta buga sunan, ta kwashe duka bakwai ta sa a aikinta cewa marubucin masanin noma ne kuma mawaƙi. Allah ya taimaka ta kawo mani in duba mata Hausar kafin ta kai ma malaminta.

Na kira shi raina a ɓace. Ya ce Yaya babu shekarar haihuwa a ko ɗaya, da mi zan raba? Na ce da baki mana, ina zaune nan kullum ba ka tambaye ni ba, ka yini guda kan mutanen Ƙurɗuba da suka mutu shekara ɗari takwas, na Madarunfa da ke raye ka ba shi minti biyu. Ya yi shiru. Kuma ko da ya nemi shekarar ba lallai ta raba ba, dattawanmu da yawa né vers ne a takarda, an yi masu ƙiyasi ne a gaban alƙali, sai ka samu sa'o'i goma shekara guda. Ga kuma juyin suna da ke gare mu, yau sunan uba a gaba gobe a baya, ko tsohon shugaban ƙasa ma wani ya rubuta Tandja Mamadou wani Mamadou Tandja. Ga Mahamadou da Mahamane da Mamane da Muhammadu, wani lokaci mutum guda ne ya rubuta da boko irin na Najeriya a wani littafi da irin na lakwal a wani, wani lokaci kuma mutum huɗu ne. Shafukan turawa ba su san wannan ba kuma ba laifinsu ba ne, ba su taɓa riƙe litattafan ba.

Abin da muka yi daga ƙarshe, tunda ƙa'idar aikin ta yarda in babu shekara a rarrabe da sana'a ko wani bayani, ya buɗe fishe biyu, ɗaya aka sa malamin gona a gaban sunan, ɗayan malamin allo, kuma a wurin bayani ya rubuta daga ina aka samu labarin da ranar da aka samu, don wanda zai gaje mu kada ya zo ya ce kuskure ne ya sake haɗe su. Malamin gonar na kira shi a waya don in tabbatar, ya yi ta dariya ya ce shi ko waƙar talla bai iya ba, amma in ladan wa'azin zai biyo sunan to a bar mashi.

Wani ƙaramin abin da bai yi mani ba shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wani wuri ya buga Ɗan da ɗ, wani wuri Dan, ƴa da 'ya ma haka, bai tsaya kan ɗaya ba, ni na bi na daidaita wajen fishe talatin da hannuna. Abin da ya yi mani kuma, ya koya ma yarinyar da ke kula da ɗakin yadda za ta nemi marubuci a rajista tukuna kafin ta buɗe sabon fishe, ya sa ta yi a gabanshi har sau biyar, ya kuma bar mana kwafin komi a kile USB biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a gidana.

Masu tambaya ko su ɗauke shi, in litattafanku na larabci ne da faransanci ku ɗauke shi ido rufe, kuɗin bai kai aikin ba. In kuna da na gida da yawa to ku zaunar da wani dattijo kusa da shi wanda ya san mutane, ku kuma ce duk sunan da bai samu a intanet ba ya ware shi gefe sai an tambaya. Kuma kada ku biya duka tun farko. Ni har yanzu jikka 14 ɗinshi na hannuna, akwai wasu suna uku da muke zargin su ma an haɗe, ɗaya ma ina jin uba ne da ɗa. Ya ce Asabar zai zo da safe.