Weingreen ko Pratico, wanne za ka fara Ibrananci da shi?

Duk mai son karanta Tsohon Alkawari da harshensa na asali, littattafan nan biyu na nahawun Ibrananci ne ake yawan miƙa masa. Na Jacob Weingreen tsohon hannu ne, tun 1939 Oxford ta buga shi aka sake fito da shi a 1959, ba kwalliya ba hoto, amma mutumin yana gaya maka DALILIN da ya sa wasali ke canzawa, me ya sa davar (wato kalma) ta koma devarim in an yi jam'i, kuma sai ya sa ka juya jimloli daga Turanci zuwa Ibrananci, nan ne fa zufa take, sai dai abin da ka rubuta da hannunka ba ya gudu.

Basics of Biblical Hebrew na Pratico da Van Pelt kuma kamfanin buga littattafai na Zondervan ne ya fitar a 2001, yana da littafin atisaye daban da bidiyon darussa, jadawalin aikatau a tsare, ga ayoyi na gaske tun da wuri. Hadda dai ta yi masa yawa, kuma in ka haɗa duk kayan kuɗin ba kaɗan ba ne.

Ni a ganina in ka taɓa sarfun Larabci ɗauki Weingreen, tushe mai baƙi uku ba baƙonka ba ne, bayit ta Ibrananci ai baitu ce a Larabci, shalom salamu. In kai kaɗai kake fama ba malami kusa, Pratico zai fi riƙe maka hannu.