Sharhi kan aikin kamfanin da ya shimfiɗa layin Etanet na sadarwar na'urori a masana'antar shinkafarmu

Masana'antar sarrafa shinkafa da nake kula da sashen gyaranta a wajen Birnin Kebbi ta ɗauki wani ƙaramin kamfani domin ya haɗa na'urorin PLC (ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injina) na injinan gumi, busarwa da casa da ɗakin kula da aiki, har zuwa sikelin manyan motoci da ke bakin ƙofa. A ganina aikinsu ya cancanci kuɗin da aka biya, kuma dalili shi ne sai da suka gama awo da lissafi kafin su sayi ko mita ɗaya na waya.

Sun bi ainihin hanyar da waya za ta bi, hawa da sauka da kewaye rumbuna, maimakon su auna tazara a miƙe kan takarda. Wannan yana da muhimmanci, domin wayar tagulla irin Cat6 ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, wato mita 90 na shimfiɗaɗɗiyar waya da mita 10 na gajerun wayoyin haɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne sun tuna cewa an ƙayyade wannan adadi ne a zafin digiri 20, alhali a nan Kebbi zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 ko a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano kusa da tukunyar tururi. Idan tagulla ta yi zafi, saƙo yana ƙara raunana a cikinta, saboda haka suka rage tsawon duk layin da ya ratsa wurin, suka kuma sa waya mai rufin kariya, nesa da wayoyin na'urorin sarrafa gudun injin.

Zuwa sikeli kuwa, wanda ke wani gini dabam, sun ƙi amincewa da shawarar a jera akwatunan rarraba saƙo a hanya don a tsawaita tagulla, suka ce sai faiba, wato wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Faiba mai hanyoyi da yawa tana iya kai saƙon megabit 100 har kilomita 2, kuma da yake gilashi ce, tsawar damina ba ta da hanyar bi ta cikinta daga wannan gini zuwa wancan.

Bayanin da injiniyansu ya yi kan jinkirin saƙo ya kamata duk mai masana'anta ya ji shi. Saƙo yana ratsa mita 100 na waya cikin kusan rabin maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan shi ne maikurosakan), wanda ba a bakin komai yake ba. Jinkirin gaske yana cikin akwatunan, domin akasarinsu sai sun karɓi ƙunshin saƙo gaba ɗaya kafin su tura shi gaba, kuma cikakken ƙunshi mai bayit 1518 yana cin kusan maikurosakan 120 a layin megabit 100. Idan aka jera goma, jinkirin irin wannan ƙunshi ya haura milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ke nan, tun ba a yi maganar cunkoso ba. Shi ya sa suka raba kyamarorin tsaro da layin injina, suka kuma haɗa akwatunan a zobe da wani tsarin sadarwa da ake kira MRP, wanda ke sauya wa saƙo hanya cikin milisakan 200 idan waya ta yanke.

Sai dai akwai inda suka gaza. Akwatin ƙarfen da suka fara kafawa a ɗakin casa yana da ƙofofin iska, ƙurar buntu ta shige ta kwanta a kan na'urori, sai da muka matsa musu kafin suka canza shi da rufaffe. Haka kuma ba su bar mana kayan canji na faiba ba, kuma horon da suka bai wa yaranmu na gyara ya yi gajarta ƙwarai ga mutanen da za su kwana da wannan layi a lokacin kaka. Duk wanda zai ɗauke su aiki ya sa kayan canji da horo a cikin yarjejeniya, ya kuma nemi takardar sakamakon gwajin kowace waya kafin ya biya cikon kuɗi.