Fedal ɗin jita yana sanƙarewa bayan awa biyu: zafi ne, wuta ce ko manhaja?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka. Ka ce fedal ɗinka na ifek, wato na'urar da ke sauya sautin jita, irin babban nan na ƙasa mai sikirin da maɓallan takawa, yana tashi lafiya lau in ka kunna amma da an yi kamar awa biyu ana kiɗa sai ya sanƙare, sikirin ya tsaya cak, ka taka maɓalli ba ya ji, dole sai ka zare filogi ka mayar. Wani ya ce maka zafi ne, wani ya ce ka sake masa manhaja, kai kuma har ka fara tunanin sayarwa ka huta. To kar ka sayar tukuna, kuma don Allah kar ka bari kowa ya kwance shi yanzu. Abu uku ne ke kawo irin wannan, zafi da wuta da manhaja, a ido duk kama ɗaya suke amma in ka jera su kusa da juna kowanne da halinsa, kuma kai da kanka za ka iya rarrabe su a ɗaki ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Abin da ya fi raba su shi ne abin da ke faruwa bayan ka kashe ka sake kunnawa nan take. In zafi ne, injin bai huce ba ai, don haka ba zai sake ba ka awa biyu ba, minti goma ko sha biyar zai sake tsayawa, na uku ma ya fi saurin zuwa, amma in ka bar shi ya huce rabin awa sai ya koma kamar babu abin da ya faru. In manhaja ce kuwa, kashewa da kunnawa ya share mata komai ta fara daga farko, za ta sake ba ka lokacinka cikakke ko da jikin injin da ɗumi, kuma sau da yawa a wuri ɗaya take tsayawa, misali duk sanda ka shiga wani sauti da ka ajiye ko ka daɗe kana amfani da lufa, wato abin da ke naɗar kiɗanka yana maimaitawa. Ita wuta ba ta bin agogo sosai, tana bin abin da ke faruwa a wurin, janareto ya canja murya, an ƙara lasifika, mai bes ya daki igiya amfilifaya ta ja wuta, sai ka ga sikirin ya yi ƙyaftawa ko injin ya mutu ya tashi da kansa ko ya tsaya da wata ƙara mai tsawo a lasifika.

Sai dai akwai inda zafi da wuta suke haɗewa, kuma a nan nake zargin matsalarka take. Adafta ita ma tana zafi. Adaftar da ba ta kai ƙarfin injin ba za ta riƙe shi da farko tana sanyi, da ta ɗau zafi sai wutar da take bayarwa ta fara sauka, 9V ɗin da ya kamata ta bayar ta koma ƙasa, su kuma ƙananan sassan da ke sarrafa sauti a ciki da ɗan ƙaramin wuta suke aiki, irin su 3.3V da ƙasa da haka, wanda ake tacewa daga waccan 9V ɗin, in ta yi rawa ko na ƙiftawar ido ne sai lissafi ya rikice injin ya tsaya. Kaga mutum zai rantse injin ne ke zafi alhali adafta ce ta gaji, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Shi ya sa in ya sanƙare kar ka taɓa jikin fedal kawai, taɓa adaftar ma. In ita ce ba ta taɓuwa shi kuma ɗumi ne kawai, ka samu inda za ka fara.

Bari in daɗe a kan adafta don mutanenmu sun fi raina ta kuma ita ta fi kashe kaya. Juya fedal ɗin ka karanta abin da aka rubuta kusa da ramin da ake sa filogin adafta, sannan ka karanta na jikin adaftar, abu huɗu za su dace: yawan V (ƙarfin wutar), yawan mA ko A (yawan wutar da ake ja, 1000mA shi ne 1A), DC ce ko AC, da kuma ina ne ragi (-) ina ne ƙari (+) a kan filogin. V dole ya zama daidai. mA kuwa na adafta ya kai na injin ko ya fi, yawansa ba ya cutarwa, ƙarancinsa ne matsala. Ƙananan fedal guda guda na disitoshon wasu ko 20mA ba sa ci, shi ya sa adaftar 500mA take ɗaukar su da yawa a jere, amma manyan nan masu sikirin wani abu ne daban, Boss GT-1000 da adaftar 2A yake zuwa, Line 6 HX Stomp da ta 3A. Ka ɗauko adaftar ƙananan fedal ka sa wa irin waɗannan, ko ka haɗa shi a waya ɗaya mai rassa da na'urar saita igiya da wasu fedal biyu, to ko ya tashi ba zai daɗe ba. Sannan yawancin kayan jita tsakiyar filoginsu ragi ne, su kuma adaftocin dikoda da rawuta da ke cike da gidajenmu yawanci 12V ne kuma tsakiyarsu ƙari, filogin zai iya shiga amma ba nasa ba ne, wannan kam ba sanƙarewa ba, ƙonewa yake kawowa. Akwai kuma tsofaffin da ke cin 9V AC ba DC ba, irin POD XT Live da wasu DigiTech RP na da, waɗannan in adaftarsu ta ɓata sai an nemo mai AC.

Wani abu kuma, yawancinmu na hannu muke saye, kuma da yawa daga Amurka suke zuwa inda wutarsu 120V ce mai 60Hz, tamu kuma 230V ce mai 50Hz. In adaftarka mai nauyin nan ce mai taransifoma a ciki kuma 120V kawai aka rubuta mata, kana bi da ita ta injin rage wuta, to ko V ya daidaita za ta fi zafi a 50Hz fiye da yadda aka ƙera ta. Mara nauyi da aka rubuta wa 100-240V ta fi jure wutarmu, musamman ƙaramin janareto da wutarsa ke hawa tana sauka. Amma fa ta kirki, don kasuwa cike take da waɗanda aka buga wa 2A a takarda cikinsu ko rabin haka babu. Kuma kar mai gyara ya ɗora mita a bakin filogi ya nuna maka 9V ya ce lafiyarta ƙalau, adafta in ba kaya a kanta ko ta gaji za ta iya nuna 9V, sai an auna tana jone da injin kuma bayan ta yi zafi.

Gwajin wuta mafi sauƙi, in naka yana cin batir to ka huta. Boss GT-1 da Zoom G1X Four batir AA huɗu suke ci, ME-80 shida. Sa sababbin batura irin na alkalin, cire adafta gaba ɗaya, ka yi ta kiɗa har ka wuce lokacin da ya saba tsayawa. In bai tsaya ba magana ta ƙare, daga wuta matsalar take. In ba ya cin batir ka ari adaftar asali wurin wanda ke da irinsa, ka gwada a wutar inbata ko UPS na kwamfuta ba a janareto ba. Ka kuma ɗan motsa filogin a raminsa injin na kunne, in sikirin ya motsa to ramin ne ya saki, wannan aikin dalma ne na minti kaɗan.

Shi zafin injin kansa gaskiya ne ba ƙarya ba, musamman a wurinmu. Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi iska kanta tana wuce digiri 40, ga shi fedal a ƙasa yake, kan kafet ko darduma, wani lokaci ƙarƙashin rumfar biki rana na dukansa, wani ma a cikin jakarsa yake barin shi ya buɗe zif kawai. Da yawansu ba su da fanka, jikin ƙarfen ne yake fitar da zafi, in ka toshe ƙasansa da kafet ka hana shi. Gwajinsa shi ne ka ɗora shi kan katako biyu iska na bi ta ƙasa, ka saita masa fanka, da adaftar da ka tabbatar da ita. In awa biyu ta zama awa biyar ko ya daina gaba ɗaya, zafi ne. Amma ka sani injin mai lafiya bai kamata ya tsaya don ɗumin ɗaki ba, in yana yi to akwai abin da ya fara tsufa a ciki. Yawanci kwandansa ne, ƙananan sassan da ke tara wuta a ciki, ana rubuta musu digiri 85 ko 105 a jiki, iyakar zafin da za su ɗauka kenan, kuma ƙa'idar da masu lantarki suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu, kaga wanda ya yi shekaru a ƙasar sanyi sannan ya zo nan zai tsufa da wuri. Ko kuma dalma ce ta tsage, tunda abu ne da ake takawa da ƙafa kullum, in ya yi zafi ƙarfe ya buɗe sai tsagar ta rabu, ya huce ta koma. Fanka tana rufa asiri a gama biki, gyaran kam sai wurin mai gyaran amfilifaya ko kibod da ya san aikinsa, ba mai gyaran waya da zai hura masa wuta a allon cikinsa ba.

Manhaja ita ce na ajiye ƙarshe duk da ita mutane ke fara ambata. Alamarta da na fi yarda da ita, sikirin ya tsaya maɓallai sun daina ji amma sautin jita yana ci gaba da fita daidai, wato ɓangaren sauti na aiki ɓangaren da ke kula da maɓallai ne ya maƙale. Kafin ka zarge ta cire duk wayar da ba ta jita da amfilifaya ba. USB da ke jone da laftof tana yawan kawo wannan, laftof ta yi barci ko ta rage wa USB wuta sai fedal ya tsaya yana jira. MIDI, wayar da kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo ta cikinta, ma haka in saƙo yana zagayowa yana komowa. Sannan ƙurar hunturu in ta shiga fedal ɗin takawa na boliyum ko wani maɓallin murɗawa, sai ya riƙa aika saƙo shi kaɗai ba tsayawa, lambobi na rawa a sikirin, ka ɗauka injin ne ya haukace, wannan tsaftacewa da sake saita fedal ɗin a cikin menu ne maganinsa. In kuma sauti ɗaya ne kullum yake tsayar da shi, goge shi ka sake gina shi daga farko.

Sai duk waɗannan sun wuce sannan a zo maganar riset da afdet, wato mayar da shi yadda ya fito daga kamfani da sabunta manhajarsa, kuma a nan ne nake jin tsoro a kanka. Riset yana goge duk sautukan da ka sha wahalar haɗawa, don haka ka kwafe su a kwamfuta tukuna. Afdet kuwa in wuta ta yanke ko injin ya sanƙare a tsakiyarsa zai iya ƙin tashi gaba ɗaya, kai kuma injinka dama sanƙarewa yake yi kuma ba ka san dalili ba, in adafta ce ke yaudararka ka ga ka kai kanka inda ya fi muni. In za ka yi, ka yi da safe injin na sanyi, a wutar inbata ko UPS, laftof cike da caji, fayil daga shafin kamfanin da kansa, ka kuma karanta bayanin sigar ka ga ko sun ambaci gyaran tsayawa.

Ta fuskar kuɗi ma in ka kwatanta, cire USB da ɗaga shi daga kafet kyauta ne, adafta ta asali kuɗinta bai kai komai ba kusa da kuɗin fedal, canjin kwandansa ya ɗan fi haka ga haɗarin hannun da bai iya ba, sayarwa kuwa ita ce asara mafi girma don za ka karyar da shi ne kuma ka miƙa wa wani ɗan uwa matsalar. Ni yadda ka kwatanta, tsayawa bayan awa biyu a wurin biki, adafta nake zargi da farko, zafin cikin injin na biyu, manhaja can baya.

In za ka sake rubutowa ka faɗa mana abin da ke rubuce a ƙasan fedal da na jikin adafta harafi da harafi, ko sauti yana ci gaba da fita lokacin da sikirin ya tsaya, da minti nawa yake ɗauka kafin ya sake tsayawa in ka kunna shi nan take. Asabar mai zuwa in kana da aiki kafin a gano, ka tafi da aron adafta da katako biyu, kuma ka roƙi mai sauti ya ba ka soket ɗin da ba na amfilifayar bes ba.