Gashin naman Koriya a Seoul: wane gidan cin abinci za ka shiga?

Duk wanda ya je Seoul sai an ja shi gidan gashin nama, irin wanda ake ajiye wuta a tsakiyar tebur, a kawo nama ɗanye da almakashi ku gasa da kanku, ku naɗe a ganyen latas da tafarnuwa da miyar ssamjang. Iri uku na gwada.

Na farko shi ne "ci iya cinka", su suna ce masa muhan ripil. Kuɗi ɗaya za ka biya, amma da lokaci, awa ɗaya da rabi ko biyu, kuma in ka bar nama a faranti wasu har tara suke ci. Gaskiya ni na daina zuwa, don rabin abin da ke jere samgyeopsal ne, wato naman cikin alade mai kitse, shi ne abin son su. Ranar da na shiga wani a unguwar Hongdae na ce naman shanu kawai nake so, sai ma'aikaci ya zo ya goga wani farin kitse a kan ƙarfen gashin, da na tambaya ashe na alade ne, wallahi ban kai ko loma ɗaya baki ba kuma sai da na biya.

Na biyu, kasuwar nama ta Majang kuwa hanwoo ne, shanun ƙasarsu, mai lamba 1++, wato mafi daraja, akwai daɗi amma tsada, ga maganar yanka.

Ni dai zaɓina na uku, gidajen halal na unguwar Itaewon, a hawan da zai kai ka babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976. Faranti faranti ake saya, ba yawa kamar na farko, amma ka zauna hankalinka kwance. Ka nemi galbi, haƙarƙarin sa da aka jiƙa a miyar waken soya da man riɗi da tafarnuwa, in ya ji wuta gefensa ya ɗan ƙone zaƙin ya fito, ba ya buƙatar yaji. Ƙananan kwanukan kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, da ganyayyaki kuma kyauta ake ƙarawa, kar ka ji kunyar nema.

Amma don Allah a kula. Rubutun "babu alade" a ƙofa ba shi ne halal ba, ka nemi satifiket na hukumar Musulmin Koriya, KMF, ka gani da idonka. Kalmar galbi ma tana yaudara, in ka ga dwaeji a gabanta na alade ne. Wasu suna zuba giyar shinkafa a ruwan jiƙa bulgogi, wato yankakken naman sa na gashi, miyar kimchi jjigae kuma yawanci da alade a ciki ko da ba a faɗa ba. Akwai masu manna tsoka a jikin ƙashi su kira shi galbi, akwai masu sayar da naman waje da sunan hanwoo, alhali doka ta tilasta a rubuta ƙasar da nama ya fito. Ka duba wannan rubutun a menu ko a bango kafin ka zauna, in babu ka juya.