Waymo a Phoenix, tasin da ba direba: ra'ayina

Masu tambaya ko da gaske motar nan ita ke tuƙa kanta ko dai dabo ne irin na bidiyo, to wallahi da gaske ne, kujerar direba wayam, sitiyari na ta juyawa shi kaɗai. Waymo sunanta, ta Alphabet ce wato uwar kamfanin Google, tun 2009 suke fama da aikin, kuma a nan birnin Phoenix na Amurka suka fara buɗe wa kowa hawa ba direba a Oktoban 2020.

A waya zaka kira ta kamar Uber, farar Jaguar ce mai lantarki da wani tulluƙi a samanta da ke nuna haruffan farko na sunanka don kar ka faɗa ta wani, ka buɗe ƙofa da wayarka, ka ɗaura bel, ka danna allo sai tafiya. Abin da ya fi burge ni allon nan ne, duk abin da take gani da kamara da radar da lidar (na'urar auna nisa da hasken laser) tana zana maka shi, mai keke, mai tafiya a ƙafa, har wanda ni ban ma hango shi ba saboda duhu ita tuni ta rage gudu. Ba ta ganganci, ba ta wuce ƙa'idar gudu ko da titi ba kowa, mai gaggawa dai sai haƙuri. Ba surutu, ba "ƙara min wani abu", mata masu dawowa aiki da dare ina ganin su za ta fi yi wa rana.

Amma fa kar a ruɗe ku da cewa an gama da direbobi. Motar nan iya unguwannin da aka zana mata taswirarsu dalla-dalla take shiga, kuma akwai ma'aikata a ofis da take neman shawararsu in ta rikice. Phoenix ɗin ma ai an zaɓe ta ne, tituna masu faɗi, ba dusar ƙanƙara. Harkar kuma ba wasa bace, a garin Tempe nan kusa motar gwajin Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a 2018, kamfanin motoci na GM kuma sun haƙura da nasu tasin marar direba mai suna Cruise a ƙarshen 2024.

In ka shigo Phoenix ko San Francisco ko Los Angeles ka hau, sai dai ka fara duba ko inda zaka je yana cikin taswirarta.